Kalankuwa a tsakar gida: abin da za a saya da abin da za a tsinto a daji

Da damina ta fara ja da baya, gero ya nuna, sai tambayoyin da ke shigowa wannan fili su karkata ga abu guda: furen nan rawaya da ke rufe gefen gonaki da bakin hanya a watannin Satumba da Oktoba. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na taƙaita su, na cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Zariya. Ina sha'awar in shuka kalankuwa a gaban ajinmu don yara su riƙa gani. Na zaga wajen masu fulawa, babu mai ita, ɗaya ma dariya ya yi mini ya ce ai ciyawa ce. Wani yaro ya ce in ba shi kuɗi ya haƙo mini daga daji da furenta. In ba shi, ko akwai inda ake sayar da irinta?

Amsa: Malama, Allah ya taimaka. Riƙe kuɗinki tukuna. Kafin maganar saye, sai mun san wace kalankuwa kike nufi, domin tsirrai da dama ne ke amsa wannan suna, kuma ba kulawa ɗaya suke so ba.

Akwai mai ganye rarrabe, siriri, mai santsi, wadda masana tsirrai ke kira Bidens borianiana. Ita 'yar shekara ɗaya ce: ta tsiro da damina, ta yi fure a ƙarshenta, ta zubar da iri, ta bushe. Duk wanda ya haƙo miki ita a Oktoba ya sayar miki da abin da kwanansa ya riga ya ƙare ko da ba a taɓa shi ba. Akwai kuma mai ganye guda-guda, biyu suna kallon juna a jikin kara, mai kaushi idan kin shafa. Wannan ita ce Aspilia africana. Ta fi son inda ruwa ke da yawa, daga wajenku zuwa kudancin Kaduna da Filato har can kudu, kuma gindinta yana yin itace, yana sake toho bayan rani ko bayan an ƙone daji. Ita ana iya dasa reshenta da damina ya kama. Amma ko ita ɗin, haƙo ta tana tsakiyar fure wahalar da ita ne kawai. Idan kin yi sa'a za ki ci karo da 'yar uwarta, Aspilia kotschyi, mai fure ja mai duhu da ya kusa baƙi. A ganina duk cikin dangin babu wadda ta kai ta kyau, kuma ba kasafai mutane ke kula da ita ba saboda ba ta kiran ido daga nesa.

Abin da kike buƙata iri ne, kuma irin nan yana daji kyauta. Sai dai ɗaukarsa tana da lokaci. Lokacin da furen yake buɗe, ki je da 'yan tsummoki masu launi ki ɗaura a jikin tsirran da suka burge ki, domin idan ciyayi suka bushe duk kamanninsu ɗaya ne, ba za ki gane wadda kika zaɓa ba. Ki dawo idan kan furen ya bushe ya yi ruwan ƙasa, wanda yawanci yakan kama daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Ki murza shi tsakanin yatsu. Idan 'ya'yan suka zubo da kansu, masu duhu da tauri, sun nuna. Idan sai kin ɓamɓaro su, ko kin gan su kore, ki ƙara musu kwanaki. Kada kuma ki yi nawa, don tsuntsaye da shanu da masu cinna wa daji wuta ba za su jira ki ba.

Ga wani abu da zai yi wa yaranki daɗi a aji. Abin da muke kira fure ɗaya a jikin kalankuwa ba ɗaya ba ne. Ki tsaga shi a gabansu: tsakiyar nan cike take da ƙananan furanni masu yawa, kowanne da nasa iri a gindinsa, su kuma fuka-fukan rawayan da ke kewaye aikinsu kiran ƙudan zuma ne. Wannan ita ce alamar dangin gaba ɗaya, wanda ake kira Asteraceae, mai jinsi fiye da dubu 23 a duniya. Shuwakar miya da latas da sanfulawa da tazargade da dayi duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Amfanin sanin haka a wajenki shi ne, iri mai tsirowa a tsakiya yake. Busassun fuka-fukan gefe ƙaiƙayi ne, ki sheƙe su a faifai.

Ki ɗebo daga tsirrai da yawa, ashirin ko talatin, kaɗan-kaɗan daga kowanne, maimakon ki tsige guda biyu kakaf. Da yawa daga cikin wannan dangi ba sa yin iri mai kyau sai ƙwari sun kawo musu garin fure daga wani tsiron daban, don haka idan duk shukarki 'ya'yan uwa ɗaya ce, irin shekara mai zuwa zai iya yin rauni. Ki nemi izinin mai gona, ki kuma tambaye shi ko ya yi feshin maganin ciyawa a gefen. Dazukan da gwamnati ta killace, irin su Falgore da Yankari, ba a ɗibar komai a cikinsu sai da izini. Ki sa takalmi mai rufi, kada kuma ki tura yara cikin duhuwar ciyawa su kaɗai. Kaka lokacin kububuwa ne.

Idan kin dawo gida ki baza a faifai a inuwa, inda iska ke ratsawa, har ya bushe ƙayau. Ki zuba a ambulan na takarda, ki rubuta inda kika ɗebo da watan, ki sa ambulan ɗin a kwalba mai murfi tare da ɗan tokar murhu busasshiya. Leda ita ce babbar abokiyar gabar iri: ɗan danshin da ya rage a ciki ya isa ya sa shi fumfuna. Abin da za ki kashe wa kuɗi a wannan mataki ambulan ne kawai. Yaron nan kuwa, idan kina son taimaka masa, ki biya shi ladan rakiya ya nuna miki inda ta fi yawa.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗalibi ne a Kano. Na ga ana sayar da ƙunshin iri ta intanet, an rubuta "African daisy" a jiki, wani kuma an ce gaurayen furannin daji ne. Hotunan sun yi kyau sosai. Tunda an ce na Afirka ne, ba shi ne namu ba?

Amsa: Ba shi ba ne, ɗan'uwa. Afirka faɗi gare ta. Abin da kamfanonin iri ke sayarwa da wannan suna yawanci Osteospermum ne, ko Dimorphotheca, ko Arctotis, kuma asalinsu kudancin nahiyar ne. Wasunsu 'yan Namakwalan ne, a yammacin Afirka ta Kudu, inda ruwa ke sauka a lokacin sanyi, furanni su rufe ƙasa a Agusta da Satumba kafin zafi ya shigo. Wato sun saba da ruwa da sanyi su zo tare. A Kano kuwa ruwanmu da zafi da ruma yake zuwa, sanyinmu kuma busasshe ne. Idan ka shuka su da damina, marka za ta ruɓar da su. Idan ka kai su Maris da Afrilu, rana ta gama da su. Ƙofa ɗaya ce: ka shuka a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, ka yi ta ban ruwa, ka mori furen a hunturu, ka haƙura da su idan bazara ta zo. Mutumin Jos, da ke zaune a tudun da ya kai kimanin mita 1,200, ya fi ka damar cin moriyarsu.

Shi kuma gaurayen, tambayar da za ka yi ita ce: dajin wa? Galibi na Turai ne ko na Amurka ta Arewa. Wasu daga cikin irin da ke ciki ba sa tsirowa da kyau sai sun kwana cikin sanyi mai tsanani na makonni. Waɗanda za su tsiro maka kuwa ba ka san su ba, ba ka kuma san ko za su tsallake katanga su zama ciyawa a gonar wani ba. Sannan shigo da iri daga waje ba kamar shigo da takalmi ba ne. A doka sai da takardar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS.

Idan launi kawai kake so, ba lallai sai ɗan ƙasa ba, to ka sayi ziniya ko marigol ko kosmos a wajen masu fulawa na gari. Dukkansu 'yan Meziko ne, har da wanda ake rubuta wa "African marigold", amma suna jure zafinmu kuma kana iya ajiye irinsu. Ba laifi ba ne a shuka baƙo. Laifin shi ne a karɓi kuɗinka da sunan ɗan gida aka ba ka.

Tambaya: Malam, ni uwargida ce a Katsina. Bara na ɗebo irin kalankuwa a Nuwamba, na shuka nan take, na binne shi da kyau, kullum safe da yamma ina ba shi ruwa. Ko ɗaya bai fito ba. Maƙwabciyata kuma tata ta fito da damina, ta zuba mata takin zamani, ta yi tsawo har ta wuce ƙugu amma furen ɗai-ɗai, iska ta kwantar da ita. Wane taki ko magani za mu saya?

Amsa: Hajiya, babu ko ɗaya. Ku biyun kulawa ce ta yi muku yawa.

Naki tukuna. Irin ciyayin dajinmu da yawa ba ya tsirowa da zarar ya faɗo. Sai ya kwanta a ƙasa ya sha hunturu, ya sha zafin bazara, sannan idan ruwa ya sauka ya farka. Hikimar a fili take: da a ce yana tsirowa da ruwan ƙarshe na Oktoba, da rani ya kashe zuriyar gaba ɗaya. Ke kuma kin jiƙa shi yana barci, safe da yamma, cikin sanyi, sai ya ruɓe. Na biyu, kin ce kin binne shi da kyau. Wannan ba masara ba ce. Ƙananan irin wannan dangi haske suke so. Ana yayyafa su ne a saman ƙasa, a danna da tafin hannu ko bayan fartanya, a barbaɗa rairayi siriri wanda bai kai kaurin ƙwayar ashana ba.

Lokacin shuka kuwa, ki bi manoma. Idan aka yi ruwan shuka kika ga an fita da gero, ki shuka rabin irinki, ki ɓoye rabi. Bayan mako biyu ko uku ki shuka sauran. A Katsina da Maraɗi da Damagaram ruwan fari yakan yaudari mutum, ya sauka ya ɗauke, to idan na farko ya ƙone kina da na biyu. Kafin nan, a watan Mayu, ki gwada irin: ki ƙirga ƙwaya ashirin ki jera a tsumma mai laima, ki ninke, ki riƙa yayyafa masa ruwa na kwana goma zuwa mako biyu. Idan rabi suka tsaga, iri ne mai kyau. Idan uku ko huɗu ne, ki yayyafa da yawa lokacin shuka. Irin daji ba ya fitowa rana ɗaya kamar na kanti, wasu yau wasu jibi wasu sai baɗi, don haka kada ki yi saurin kaftar wurin.

Ita kuma maƙwabciyarki ta ɗauki kalankuwa ta yi mata kiwon ragon layya. Yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa sinadarin naitirojin ne, aikinsa kuma ganye da tsawo. Tsiron da ya saba da jigawa da gefen hanya, idan ya samu wannan sai ya miƙe da kara mai taushi, ya manta da fure, iska ta farko ta kayar da shi. Ko NPK 15-15-15 ba ta buƙata. Ɗan takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a gauraya da ƙasa kafin shuka, ya wadatar har ƙarshen damina. Ki gaya mata abu biyu: ta rage cunkoso, ta bar tazarar kamu ɗaya ko kusa da haka tsakanin tsiro da tsiro, kuma idan suka kai tsawon taƙi ɗaya zuwa biyu, ta tsinke kan da farce. Sai su yi rassa, su yi gajeru, kowane reshe ya fito da nasa furen. Ta kuma duba ko inuwar katanga ko ta darbejiya na rufe wurin. Ƙasa da awa shida na rana a yini, fure ba zai yi yawa ba ko me aka zuba.

Tambaya: Gidan haya nake a Kano, tsakar gidan siminti ne, kuma akwai awakin mai gida. Tukunyar roba ta masu fulawa zan saya, ko ta ƙasa, ko ta siminti?

Amsa: Ranki ya daɗe, kafin tukunya ki fara tunanin awakin. Duk kuɗin da za ki kashe, kaso mafi tsoka ya tafi ga kariya: ragar waya, ko darnin kara, ko ki ɗora tukwanen a kan benci mai tsawo nesa da duk abin da akuya za ta taka ta hau. Tukunya mai tsada da akuya ta cinye abin da ke ciki ba ta da bambanci da mai araha.

A cikin ukun, ta ƙasa na fi so. Tana numfashi, tana sanyaya saiwa, ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Aibinta biyu: tana fashewa, kuma tana saurin bushewa, sai kin riƙa duba ta idan ruwa ya ɗauke kwana biyu. Ba sai kin sayi sabuwa ba, randar da ta tsage ta daina riƙe ruwan sha ta fi kowace dacewa. Baƙar roba tana ɗaukar zafi a kan siminti har ta dafa saiwa, idan ita ce a hannunki ki naɗe ta da buhu ko ki ɗora ta a kan bulo. Ta siminti tana da ƙarko, amma ke da ke haya, ranar tashi za ki gane kurenki. Tsohon bokitin fenti ma yana yi idan an wanke shi tas.

Kowace kika zaɓa, zurfinta kada ya gaza santimita 30, kuma lallai a huda gindinta. Wannan hujin ya fi irin tukunyar muhimmanci, domin a Agusta abin da ke kashe shukar tukunya ruwan da ya rasa mafita ne. Ƙasa kuwa: kashi biyu jigawar gona, kashi ɗaya rairayi, kashi ɗaya takin dabbobi da ya shekara. Kada ki sa ɗanyen kashin kaji, yana ƙona tsiro. Kada ki yarda da baƙar ƙasar bola da ake tallarta a buhu idan kin ga leda da kwalabe da batir a ciki. Tsiro biyu ko uku sun ishi tukunya mai girman bokiti. Mai ganye rarraben nan 'yar shekara ɗaya ta fi dacewa da tukunya. Mai kaushin tana son ta yaɗu ta jingina da wani abu, za ta cinye miki wuri sai dai ki riƙa yi mata aski.

Tambaya: Ina da fili a bayan garin Jos. Mai fulawa ya kawo mini wata da ya ce babbar kalankuwa ce, furenta ya fi tafin yaro, ya ce ba ta son ruwa ba ta son taki, cikin shekara ɗaya za ta zama shinge. In saya?

Amsa: Alhaji, ka je ka duba abu uku a jikinta. Ganyen manya ne, masu yatsu uku zuwa biyar? Suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin kara maimakon biyu-biyu? Sandar da ke ɗauke da furen ta kumbura daga sama, idan ka matsa ka ji rami a ciki? Idan amsar e ce, Tithonia diversifolia ce, kuma ba tamu ba ce. Daga Meziko da Amurka ta Tsakiya take. Duk abin da ya faɗa maka a kanta gaskiya ne, kuma shi ne matsalar. Tana wuce mita uku, tana zubar da iri mai ɗimbin yawa, reshen da ka sare ka yar ma kamawa yake yi. Wanda ya bi hanyoyin kudu maso yamma ko kewayen Abuja da Jos a ƙarshen shekara ya ga yadda take mamaye bakin titi, ta rufe komai da inuwa, ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta. Cikin abubuwan da take kora har da kalankuwar gaskiya.

Ba zan ce ba ta da amfani ba. Ganyenta taki ne mai kyau, manoma a yammacin Kenya suna sararsa su binne a gonar masara da kayan lambu. Wanda ta riga ta kama filinsa, ya sassare ta kafin ta yi iri ya yi taki da ita. Amma ka cire kuɗi ka sayo ta ka kai filin da ba ta, wannan sayen rigima ne da maƙwabtan gonarka. Shinge kake so? Ka dasa shuwaka a jere. Ga miya, ga fure da rani, kuma ba ta tsallaka iyaka.

Tambaya: Malam, ina da amya goma sha biyu a ƙauyenmu kusa da Saminaka. Ina son in shuka wa zuma abinci. Sanfulawa zan saya ko in bar kalankuwa?

Amsa: Ka yi duka, amma ka san wanda ke cike wane giɓi. Kalankuwa ba sai ka shuka ba. Abin da za ka yi mata shi ne ka daina kashe ta: ka bar taku biyu ko uku a gefen gona ba noma ba feshi, ka hana wuta shiga har ta zubar da iri, gyauronta zai riƙa fito maka duk shekara. Abin da ke rage ta a ƙauyuka yanzu shi ne feshin maganin ciyawa har bakin hanya. Magunguna irin su 2,4-D an yi su ne musamman don masu faɗin ganye, gilaifoset kuma ba ya zaɓe. Kalankuwa ce take ciyar da zuma a ƙarshen damina, daidai lokacin da ake shirin kaka da bikin kalankuwa na samari da 'yan mata.

Sanfulawa tana fure kimanin wata biyu bayan shuka, gona guda kuma ba ta wuce 'yan makonni tana fure, don haka ka rarraba shukar. Ka sayi irin da ake nomawa don mai. Akwai na ado da aka ƙirƙira musamman ba su da garin fure don kada su ɓata tebur, kuma garin furen nan shi ne abincin 'ya'yan zuma. Haka duk furen da aka cika masa fuka-fuki har tsakiyarsa ta ɓace, kyan ido ne kawai, zuma ba ta samun hanyar shiga.

Babban giɓinka rani ne, kuma nan shuwaka ta fi su duka. Idan aka ƙyale ta ba a tsinke kanta kullum don miya ba, takan yi fararen furanni masu ƙamshi da rani, zuma ta yi ta rububinsu. Ba sai ka sayi iri ba. Ka roƙi sanduna masu tsawon kamu ɗaya daga wanda ke da ita, ka soka su a karkace da damina. Ka ware wasu na gida, wasu na zuma, ka kuma yi wa iyali bayani tun wuri.

Tambaya: An ce mini mai kaushin nan magani ce, tana tsayar da jini, kuma ana ba zomaye. Ina kiwon zomaye a Kafanchan. In shuka ta da yawa maimakon sayen dusa?

Amsa: Maganar tsayar da jini tsohuwa ce. A sassa da yawa na Afirka ta Yamma manomi idan ya yanke a gona yakan murza ganyen Aspilia africana ya matsa a kan yankan. Wannan na ƙaramin yanka ne kafin a iso gida. Rauni mai zurfi, ko na tsohon ƙarfe, wanki yake so da asibiti da allurar rigakafin tetanus.

Ba mutane kaɗai suka san da dangin nan ba. A 1983 masu bincike biyu, Richard Wrangham da Toshisada Nishida, sun wallafa cewa birran cimfanzi a Gombe da Mahale suna tsinkar ganyen wasu jinsin Aspilia su haɗiye shi ɗungurungum ba tauna. Gomben Tanzaniya ake nufi, ta bakin tafkin Tanganyika, ba tamu ba. Daga baya wani mai bincike, Michael Huffman, ya nuna cewa kaushin ganyen ne ke taimakawa wajen fitar da tsutsar ciki. Wannan labarin birrai ne, kada wani ya ce na ba shi fatawa.

Zomaye suna cinta, masu kiwo a kudu sun daɗe suna yankar musu. Amma ba za ta maye maka dusa ba, kuma akwai binciken da aka yi a jami'o'in Najeriya kan ɓeraye da zomaye mata da ya nuna yawan cinta na iya taɓa haihuwa. Don haka ka ba waɗanda kake kiwo don nama, a gauraye da harawa da ganyen dankali, ka rage wa matan da kake son su hayayyafa. Layi ɗaya ko biyu a jikin shinge ya ishe ka. Ka yanko da safe, ka bar ta ta ɗan yi yaushi kafin ka zuba musu.

Tambaya: Wasu ƙananan ƙwari sun taru a kan tohon kalankuwata, ganyen yana danƙo yana nannaɗewa. Mai shagon magani ya ce in sayi na feshin wake. Ya dace?

Amsa: Ƙwarin darɓa ne, kuma ba su kai a sayo musu wannan ba. Maganin feshin wake irin su cypermethrin yana kashe zuma da malam-buɗe-littafi, su ne kuma ke sa furen ya yi miki irin baɗi. Ki tsinke tohon da suka fi cika ki yar, ki wanke sauran da ruwa mai ƙarfi. Idan sun dawo, ki daka busassun 'ya'yan darbejiya cikin hannu biyu, ki jiƙa a ƙaramin bokiti ya kwana, ki tace da tsumma, ki ɗiga ruwan sabulu kaɗan, ki fesa da yamma bayan zuma ta koma. Ki bi ƙarƙashin ganye, nan suke ɓuya, ki guji kan furen da ya buɗe. Ki maimaita bayan mako guda.